In karɓi aron bindiga idan zan kwana a gandun dajin Yellowstone?

Wani ƙanenmu da ke karatu a Amurka ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina jihar Montana da bizar ɗalibi. Ni da abokaina muna shirin tafiyar ƙafa ta 'yan kwanaki a gandun dajin Yellowstone idan an yi hutu, jaka a baya, kwana a tanti. Ɗaya daga cikinsu, ɗan ƙasar ne, ya ce zai ara mini ƙaramar bindigarsa saboda beyar, wai doka ta yarda tun tuni. Baba ma da na gaya masa cewa ya yi ba a shiga daji hannu rabbana. In karɓa?"

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kar ka karɓi bindigar nan, ko da riƙon minti biyar ne. Zan zo kan maganar beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi da manyan farata, tunda ita ta dame ka, amma akwai abin da ya fi ta kusa da kai, kuma abokinka bai san da shi ba domin shi dokar ba ta taɓa hawa kansa ba.

Dokar tarayya ta 1968 kan bindigogi tana da jerin mutanen da aka hana su riƙe bindiga ko harsashi, kamar wanda aka taɓa yanke wa hukunci kan babban laifi da mai ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. A 1998 aka ƙara wani rukuni a jerin: baƙon da ya shigo ƙasar da bizar zaman wucin gadi. Bizar ɗalibi tana ciki, haka ta yawon buɗe ido da ta aikin 'yan shekaru. Dokar ba ta tsaya kan saye ba, riƙewa kanta ta hana. Aro riƙewa ne. Ɗaukar jakar abokinka alhali ka san bindiga na ciki, ko ya bar maka ita a tanti ya tafi ɗibar ruwa, duk suna iya shiga, domin kotu ba ta tambayar wane ne ya biya kuɗin bindigar, tana duba wane ne yake da iko a kanta a wannan lokacin. Hukuncin yana iya kai ɗaurin shekara 15 tun gyaran da aka yi a 2022, kuma tun kafin a je nan bizarka da karatunka sun shiga haɗari. Shi ma mai ba da aron laifi ne a kansa ya miƙa bindiga ga wanda ya san doka ta hana. Ka ga ke nan alherin da yake nufin yi maka zai iya jefa ku duka biyun cikin shari'a.

Akwai ƙofa ɗaya da dokar ta bari a buɗe, kuma za ka ji ana yawan ambatonta: baƙon da yake da lasisin farauta mai aiki daga wata jihar Amurka ya fita daga wannan hani. Gaskiya ne. Amma lasisin ya ɗauke hanin tarayya ne kawai, dokar jiha kan yadda ake yawo da bindiga tana nan, dokar makarantarka kan ajiye makami a ɗakin kwana tana nan, kuma ranar da lasisin ya ƙare kana riƙe da bindiga ka koma mai laifi ba tare da ka motsa ba. Wanda zai bi wannan hanya ya zauna da lauyan da ya san dokar shige da fice tukuna. Mai katin zama na dindindin wannan hanin bai shafe shi ba, sai dai shi ma idan aka same shi da laifin da ya danganci bindiga, hujja ce ta mayar da shi ƙasarsu. Garin neman gira kar a rasa ido.

To, maganar abokinka cewa doka ta yarda, rabinta gaskiya ne. Daga 1983 har zuwa farkon 2010, ƙa'idar gandayen dajin tarayya ita ce bindiga ta zama ba harsashi a ciki kuma a ajiye ta inda hannu ba zai kai da sauri ba. A 2009 Sanata Tom Coburn na Oklahoma ya liƙa wani sashe a jikin dokar da ta shafi katin bashi na banki, Shugaba Obama ya sa hannu, ta fara aiki ranar 22 ga Fabrairun 2010. Daga ranar, wanda doka ba ta hana shi bindiga ba yana iya shiga gandun daji da ita, bisa sharuɗɗan jihar da gandun yake ciki. Yellowstone ya ratsa jihohi uku, Wyoming da Montana da Idaho, kuma dukansu masu sassauci ne ga 'yan ƙasa, don haka shi abokinka ba shi da matsala.

Rabin da bai gaya maka ba shi ne, an yarda a riƙe, ba a yarda a harba ba. Harbi a cikin gandun har yanzu laifi ne, farauta haramun ce, gwajin saiti a jikin gwangwani ko kututture haramun ne. Kuma ba a shiga da bindiga ginin gwamnatin tarayya da ma'aikata ke aiki a ciki, wato ofishin baƙi da ofishin jami'an gandu, inda dole za ku shiga karɓar takardar izinin kwana a daji. Za ka ga alamar a bakin ƙofa. Wanda ya harbi dabba ya ce kare kansa ya yi, bincike ne zai biyo baya, a auna nisa, a duba sawu, a ji ta bakin shaidu. A watan Mayun 2010, wata uku da fara aikin dokar, wani mai tafiyar ƙafa a gandun Denali na Alaska ya harbe beyar da ƙaramar bindiga, ya ce ta taso wa abokiyar tafiyarsa ne. An yi bincike, a ƙarshe ba a tuhume shi ba, amma ba kowa ke fita haka ba. A jihohin da ke kudu da Kanada, beyar irin girizli, wato babbar nan mai launin ruwan ƙasa, tana cikin dabbobin da dokar tarayya ke karewa tun 1975. An yarda a kashe ta don kare rai, da sharaɗin a kai rahoto cikin 'yan kwanaki kuma a gamsar da masu bincike.

Wannan duk kan gandayen tarayya ne. Filayen gwamnati a Amurka iri-iri ne, kowanne da mai shi. A dazuzzukan da hukumar kula da itatuwa ta tarayya ke riƙe da su ana farauta, ana harbi, in dai ba cikin yadi 150 daga gini ko wurin zango ba, kuma ba a harba ta kan hanya ko ta kan ruwa. A bakin madatsun ruwan da injiniyoyin soja ke kula da su, ƙa'ida ta hana bindiga mai harsashi sai da izini. Gandayen jihohi kowacce da tata doka, yankunan 'yan asalin ƙasar ma da tasu. Hanyar ƙafa ta Appalachian, mai tsawon kusan kilomita 3,500 daga Jojiya zuwa Maine, ta ratsa jihohi 14, ciki har da New York da New Jersey da Massachusetts, inda bindigar da take halal a bayanka jiya za ta iya kai ka gidan yari yau. Ƙungiyar da ke kula da hanyar da kanta tana ba matafiya shawarar su bar bindiga a gida. Kai da kake Montana, ka san gandun Glacier ya haɗa iyaka da Waterton na Kanada, kuma a gandayen Kanada ba a yawo da bindiga mai harsashi.

Yanzu mu ajiye doka a gefe. A ce kai ɗan ƙasa ne, takardunka cif. Shin ƙaramar bindiga ce abin da zai cece ka daga beyar? A nan nake so mu daɗe, domin a nan mutane suka fi ruɗin kansu.

Girizli tana gudun da ya wuce kilomita 50 a awa, a kan tudu da gangare, cikin duhuwa da kan duwatsu. Wannan kusan mita 14 ne a daƙiƙa ɗaya. Yawancin harin da take kaiwa ba na yunwa ba ne, na firgita ne: ka ɓullo mata a kwanar hanya tana tare da 'ya'yanta, ko tana kan mushen da ta ɓoye. Idan ta taso daga mita 30, daƙiƙa biyu da 'yan kai gare ka. A cikinsu za ka gane abin da ke faruwa, ka kai hannu, ka zaro bindiga daga kube, ka yi saiti a kan kai mai lilo sama da ƙasa yana tahowa, ka ja kunama. Ƙwaƙwalwarta da ƙashin bayanta, waɗanda su kaɗai ne ke tsayar da ita nan take, ƙananan wurare ne. Harsashin da ya shiga ƙirji yana iya kashe ta, amma bayan ta gama da kai. Mutumin da bai taɓa harbi ba sai a ranar, zuciya na bugawa, jaka mai nauyin kilo 15 a bayansa, ba zai yi wannan ba. Ka lura kuma ɗamarar jakar baya tana zama daidai inda kuben bindiga ke zama a ƙugu, shi ya sa da yawa suke ƙarewa da jefa bindigar cikin jaka, inda ba ta da wani amfani sai nauyin kilo guda da 'yan kai.

Masana biyu, Tom Smith na Jami'ar Brigham Young da Stephen Herrero na Jami'ar Calgary, tare da abokan aikinsu, sun tattara abin da ya faru a Alaska. A binciken da suka fitar a 2012 sun duba arangama 269 tsakanin beyar da masu bindiga daga 1883 zuwa 2009. Ƙaramar bindiga ta tsayar da beyar a kashi 84 cikin 100, doguwa a kashi 76. Abin da ya fi jan hankali shi ne, yawan raunin da masu bindigar suka samu bai bambanta ba tsakanin waɗanda suka harba da waɗanda ba su harba ba. Beyar kuwa ta mutu a kashi 61 cikin 100 na arangamar. Dalilan gazawar su ne waɗanda na lissafa maka: ba lokaci, bindiga ta cije, an manta makullin kunama, an yi kuskure, mutum ya yi tuntuɓe yana ja da baya, ko beyar ta riga ta rungume wani har ba a iya harbi. Kafin wannan, a 2008, sun duba karo 83 da aka yi amfani da feshin barkono na korar beyar daga 1985 zuwa 2006. Feshin ya dakatar da girizli a kashi 92 cikin 100, baƙar beyar a kashi 90, kuma kashi 98 na mutanen da ke riƙe da shi sun fita ba ko ƙwarzane.

Masu son bindiga suna cewa ba daidai ba ne a jera alƙaluman biyu kafaɗa da kafaɗa, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Da yawa daga cikin beyar da aka fesa wa barkono masu leƙen abinci ne a zango, ba masu tasowa a fusace ba, alhali a rukunin bindiga akwai mafarautan da suka bi sawun dabbar da suka riga suka raunata. Sannan labarin da ya ƙare da jini ya fi shiga takarda a kan wanda ya ƙare lafiya. Na yarda da wannan duka. Amma ko an rage alƙaluman, abin da ya rage ya ishe ni hujja a kanka: feshi yana aiki a hannun wanda bai ƙware ba, bindiga kuwa sai a hannun gwani, shi ma ba kullum ba.

Dalilin a fili yake. Gwangwanin yana fitar da hazon barkono mai faɗi wanda ke kai mita takwas zuwa tara, ba ka buƙatar saiti, ka karkata shi ƙasa kaɗan gabanta ka danna, ita da kanta za ta shigo cikin hazon. Hancin beyar ya fi na kare ƙarfi nesa ba kusa ba, barkonon yana rufe mata ido da numfashi na ɗan lokaci, sai ta juya. Ga kuma abin da ya fi muhimmanci a wurina: idan ta kayar da abokinka, kana iya fesa musu su biyun. Zai yi kuka, zai yi tari, bayan awa guda ya warware. A watan Satumban 2011, a kan iyakar Montana da Idaho, girizli ta kama wani mafarauci, abokin farautarsa ya harba don ya cece shi, binciken gawa ya nuna harsashin ne ya kashe shi ba beyar ba. Waɗannan mutane ne da suka san bindiga.

Feshin ma yana da iyakarsa, kar ka ɗauke shi laya. Iska mai ƙarfi tana iya dawo maka da shi. Cikin daƙiƙa bakwai zuwa tara gwangwanin ya ƙare, don haka kowa a cikinku ya riƙe nasa, a ƙirji ko a ɗamara, inda hannu zai kai ba tare da an sauke jaka ba. Yana da ranar lalacewa a rubuce a jiki. Ba a fesa shi a tanti ko a tufafi kamar maganin sauro, domin idan ya kwanta ya huce ƙanshinsa jawo beyar yake yi. Ba a hawa jirgin sama da shi ko a jakar hannu ko a ta kaya, ba a barin sa a mota cikin rana. Ka nemi wanda hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi wa rajista don beyar, ba ƙaramin da ake sa wa a jakar hannu don ɓarayi ba. Ana sayar da gwangwanin gwaji marar barkono, ku saya ku koyi zarewa da cire makulli har hannu ya saba. Idan wata rana ka nufi Yosemite a Kaliforniya, ka sani can an hana feshin, girizli babu, baƙar beyar ce kawai, kuma maganinta ɓoye abinci.

Maganar Baba kuwa, Allah ya ƙara masa lafiya, daga sanin daji ta fito, kuma kar ka yi masa musu. Dajin da ya sani daban ne. A yau wanda ya ji an ambaci dajin Kamuku a Birnin Gwari, ba namun daji ne ke zuwa masa a rai ba, 'yan bindiga ne. Amma ko a gida, dokar gandayen dajin Nijeriya ta 1999 ta hana shiga da makami ba izini, kuma wanda ya je Yankari ko Gashaka-Gumti ya san ma'aikatan gandu ne ke raka baƙi, ba baƙo ke zuwa da tasa bindigar ba. Inda daji ya zama na 'yan ta'adda, ƙaramar bindiga a hannun mutum ɗaya ba ta hana komai, rashin zuwa ne magani. Ka gaya wa Baba ba hannu rabbana za ka shiga ba: akwai barkonon da aka yi musamman don dabbar, akwai abokan tafiya, akwai na'urar kiran agaji, kuma hukuma ta san inda za ka kwana kowane dare. Wannan zai kwantar masa da hankali, kuma ba ƙarya ka yi masa ba.

Bari in gaya maka abin da ke kashe mutane a wurin da za ka. Tun da aka kafa Yellowstone a 1872, mutum takwas beyar ta kashe a cikinsa. Waɗanda ruwa ya ci sun haura 100, waɗanda suka ƙone a maɓuɓɓugan ruwan zafi sun haura 20. Dabbar da ta fi raunata baƙi ita ce ɓaunan Amurka, mai nauyin da ke kai kilo 900, wadda mutane ke matsawa kusa da ita don hoto saboda tana tsaye shiru tana kiwo. Ƙa'idar gandun ita ce yadi 100 tsakaninka da beyar ko kyarkeci, yadi 25 tsakaninka da ɓauna da sauran dabbobi. A gandayen Amurka gaba ɗaya, haɗarin mota da nutsewa da faɗowa daga tsauni su ne kan gaba a mutuwar haɗari. Ruwan tafkin Yellowstone da na rafukansa narkakkiyar ƙanƙara ce, ko a tsakiyar bazara yana ƙame gaɓɓai cikin mintuna, mu kuma da yawanmu ba mu iya iyo ba. Na fi jin tsoron ranar da za ku tsallaka rafi da jaka a baya a kan ranar da za ku hangi beyar. Idan za ku tsallaka, ka kwance ɗamarar jakar, ka riƙe sanda, ka fuskanci inda ruwa ke tahowa, idan ya wuce cinya ku nemi wani wurin ko ku koma.

Abin da ke raba ka da beyar tun kafin a kai ga feshi shi ne ɗabi'ar tafiya. Ku zama uku ko fiye, kuma ku tafi a haɗe, kar mai sauri ya bar na baya. Ku riƙa magana da ƙarfi, ku tafa hannu a kwana, a duhuwa, da kusa da rafi inda ƙarar ruwa ke hana ta jin tahowarku. Idan kun ji warin mushe ko kun ga hankaki sun taru wuri ɗaya, ku kauce. Idan kun haɗu, ba gudu, gudu shi ke sa ta bi. Idan girizli ta kayar da kai bayan firgita, ka kife, ka rufe ƙeya da hannuwa, ka bar jakar a bayanka, ka yi lamɓo har ta tafi. Idan baƙar beyar ce, ko kowace iri ce ta shigo tanti da dare, wannan farauta ce, ka yi faɗa da duk abin da hannunka ya samu.

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu musamman, waɗanda ba za ka gani a takardar da za a ba ku ba. Na farko guzurinmu. Kilishi, yaji, dambun nama, man gyaɗa, duk masu ƙarfin ƙanshi ne, haka turaren da ba ma rabuwa da shi, da man shafawa da man goge baki. Duk abin da ke da ƙanshi a rataye shi a sandar da aka tanada a zangon, mita uku daga ƙasa, ko a kulle shi a gwangwanin da beyar ba ta iya buɗewa. Wurin girki ya yi nisan yadi 100 daga tanti, kuma rigar da ka yi girki da ita ba ta kwana tare da kai. Turaren ka bar shi a gida. Na biyu sallar asuba da magariba. Waɗannan ne lokutan da beyar ta fi yawo, kuma su ne lokutan da za ka so sauka rafi kai kaɗai cikin duhu don alwala. Ka ɗebi ruwanka tun da rana ka ajiye, ka yi sallarka kusa da tanti, feshin yana gefen dardumarka. Idan dole sai ka sauka, ka ta da wani ya raka ka da tocila.

Saura tsoron mutane, wanda da yawa shi ne ainihin dalilin ɗaukar bindigarsu ko ba su faɗa ba. Ba zan ce maka babu ba. A 2018 an harbe wani uba yana barci a tanti tare da 'ya'yansa mata a gandun Malibu Creek na Kaliforniya, a 2019 kuma wani ya kashe matafiyi da wuƙa a hanyar Appalachian a jihar Virginia. Amma gandayen tarayya suna karɓar ziyara fiye da miliyan 300 a shekara, kuma irin wannan nadiri ne ƙwarai. Cikin laifukan da aka fi yi akwai fasa motar da aka ajiye a bakin hanya, wanda kuma shi ne yadda bindigogin da aka bari a mota ke komawa hannun ɓarayi. Mugu ba ya son tafiyar yini biyu da kaya a baya, don haka zangon da ke kusa da titi ya fi na can ciki haɗari. Kar ka gaya wa baƙon ido inda za ku kwana, idan wani bai kwanta maka a rai ba ku tattara ku ƙara gaba. Zan kuma faɗa maka abin da na san kai ma ka sani: saurayi baƙar fata, baƙo, mai sunan Musulmi, idan jami'in tsaro ya ga ƙotar bindiga a jikinsa a wurin da ba shaidu, lissafin ba ɗaya ba ne da na abokinka. Ban ce kowane jami'i haka yake ba, amma ba zan so ka zama wanda za a gwada a kansa ba. Kuɗin da za ka kashe kan harsashi ka sa a hayar na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, irin Garmin inReach, domin a yawancin dajin nan waya ba ta da sabis, kuma karaya ko ciwon ciki a wuri mai nisa sun fi mugun mutum yiwuwa.

Kar ka fahimce ni cewa bindiga ba ta da muhalli a daji. A ƙauyukan Alaska, masu binciken kifi da na ma'adinai da masu jagorantar mafarauta suna riƙe ta, galibi doguwa mai faɗin baki da dunƙulallen harsashi, bayan horon da ake maimaitawa, kuma da yawansu suna haɗawa da feshi. Can ma wanda ya kashe beyar don kare rai sai ya kai rahoto, ya feɗe ta, ya miƙa wa hukuma fatar da ƙoƙon kan. A tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, inda farar beyar ke farautar mutum da gangan, doka ta wajabta wa mai fita daga gari ya riƙe abin korar ta, hukuma kuma tana ba da shawarar bindiga. Waɗannan wurare ne da agaji ke da nisa sosai, a hannun mutanen da harbi ya zama musu sana'a. Tafiyar hutu a kan hanyar da aka share a Yellowstone ba ta cikin wannan sahu.

Idan abokinka ya dage zai zo da tasa, haƙƙinsa ne, amma ku yi maganar a fili kafin ku tashi, kowa ya sani. Ta zauna a jikinsa, cikin kube mai rufe kunama, wanda ake ratayawa a ƙirji ya fi dacewa da jakar baya. Ba ta shiga jakarka, ba ta kwana a tantinka, ba ka riƙe masa ko zai shiga bayan gida. Ba a fito da ita a bakin wuta don a nuna, kuma idan akwai mai shan giya a tafiyar, a daren nan ba mai taɓa ta. Ku yarda tun yanzu cewa feshi ne farko, kuma ba a harbi a duhu kan motsin da ba a ga mai yin sa ba, domin wanda ke taka ganye a bayan tanti da tsakar dare, sau da yawa ɗayanku ne ya fita fitsari. Shi ma ya riƙe nasa gwangwanin.

Ranar da za ku karɓi takardar izini a ofishin gandun, za a nuna muku bayanin tsaro kafin a ba ku. Ka tambayi jami'in waɗanne yankuna aka rufe saboda beyar a wannan makon, ko an ga mushe kusa da hanyarku, yaya zurfin rafukan da za ku tsallaka, kuma ko zangon da aka ba ku yana da sandar rataye abinci ko sai kun zo da gwangwani. Ka bar wa wani a gari sunan hanyar da lambar kowane zango da ranar fitowarku, da lambar da zai kira idan ranar ta wuce bai ji ku ba. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ka gaishe mini da Baba.